Lambar da ke Jikin Kukar Ardo

Assalamu alaikum, Auta.

Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ke da kayanki, ba abin da ya zube a hanya in ban da ƙwallar da na san za ki yi ta ɓoyewa a tasha. Innarki tana gaishe ki. Ita ce ta ce a cusa takardar ƙarƙashin ƙullin yaji da daddawa, wai nan ne kawai ta tabbata hannunki zai kai tun makon farko.

Kin san halina, Ramlatu. In muna zaune ido da ido ba na iya magana mai nauyi, sai tsokana, ki yi dariya, in yi, a tashi ba a faɗi komai ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar da kika zaunar da ni a zaure kina yi mini bayanin aikin da kamfanin nan ya ɗauke ki, na yi kamar ina gyangyaɗi, amma kunnena yana wurin. Kin ce kowace saniya za a maƙala mata ɗan kunnen roba mai lamba, a shigar da ita cikin abin nan naku, bulokcen, wanda ni sarƙa nake ce masa don harshena ya huta. Kin ce bayanin ba a hannun mutum ɗaya yake zama ba, kwamfutoci ne da yawa kowace tana riƙe da irinsa, sai sun yarda da juna kafin a ƙara wani abu, kuma abin da ya shiga ya shiga ke nan, ba mai gogewa. Ɓarawo ya kora saniya kasuwa, mai saye ya haska kunnenta da waya, ya ga ba ta mai sayarwar ba ce. Mai shanu kuma yana da mabuɗin sirri a wayarsa, da shi kaɗai saniya ke fita daga sunansa ta koma na wani. In na ji daidai, to abin ya burge ni ƙwarai. Na ƙare ƙuruciyata ina malamin dabbobi, na ga magidanta masu furfura suna share hawaye da bakin rawani a kan satar shanu. Duk abin da zai rage wannan, ina bayansa.

Sai dai kin ce da garken Baffanki Ardo Buba kuke so ku fara gwaji, can rugarsu ta gefen Wurogauri, kika kuma sa ni na yi masa magana. Ya yarda. Ba don ya san mene ne bulokcen ya yarda ba, don fuskata ne da taki. Ni kuwa na taɓa jefa mutumin nan cikin wahala da irin wannan kyakkyawar niyya taki, kuma ba na so gidanmu ya yi masa haka sau biyu. Kin sha jin gutsattsarin labarin a bakin Innarki in tana so ta ba baƙi dariya da ni. Yau ki ji shi a jere, daga bakin mai shi.

Lokacin da aka fara tura ni aiki Kalgo, ni da abokin aikina Yohanna mutumin Zuru, wanda kike kira Baba, ina da farar riga, da sabon keke, da dabara fiye da yadda ake buƙata. Makiyaya ba su yarda da allurar rigakafi ba a lokacin, wasu suna cewa ruwa muke ɗura wa shanu mu sayar da maganin. Sai na ƙirƙiro tsari. Duk saniyar da zan yi wa allura, sai dattawan ruga gaba ɗaya sun tsaya sun ga na zuƙo magani, sun ga na soka, kowannensu ya ce ya gani, sannan in tsaga mata kunne da almakashin ofis, mai fitar da wata tsaga ta daban, alamar an yi mata. A rugar su Buba, wanda lokacin saurayi ne bai zama Ardo ba, abin ya tafi sumul. Dattawa ba su da yawa, ana yi ana shan fura, aka gama kowa yana sa mini albarka. Kaina ya kumbura har hula ta matse ni.

Da aka tara garkunan yankin gaba ɗaya a fadamar Diggi don babban rigakafi, na ce tsarina za a bi. Yohanna ya ja ni gefe ya ce, "Malam, dubi shanun ga, ka dubi tsofaffin ga. In sai kowa ya ce ya gani, nan za mu yi Kirsimeti." Na ce masa bai san darajar shaida ba.

To, mun fara. Dattijo ɗaya ya tafi alwala, aiki ya tsaya. Ya dawo, wani ya yi barci a tsaye jingine da sandarsa, sai an tashe shi. Wani ya ce shi bai gani ba, ƙuda ya shiga masa ido, a sake. Rana ta take, ƙanƙarar da ke cikin kula ta narke, magani ya lalace, layin shanu kuwa bai ko motsa ba. Da yunwa ta ishe su, suka ɓalle suka faɗa gonar albasar wani bawan Allah. Ban taɓa sanin ina da gudu ba sai ranar, mai gona a bayana da fartanya, Yohanna a gefe ya riƙe ciki yana dariya. Har gobe in ya ga albasa a miya sai ya kalle ni.

Wannan nake so ki kai wa manyanku a wurin aiki. Abin da ya yi daɗi a ƙaramar ruga ba lalle ya yi a fadama ba. Ku yi tunanin ranar kasuwar Gwandu, ana ciniki ta kowace kusurwa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, motar kudu ta tayar da inji tana jiran lodi. Dillali zai tsaya jiran kwamfutocinku su ce sun gani? Zai jira sau ɗaya don kunya. Na biyu zai tafa hannu da mai saye su rabu yadda suka gada, sarƙarku ta zauna tana cewa saniyar tana Wurogauri alhali ta kusa zama tsire a wata jiha. Kada ku gwada abin a ofis ƙarƙashin fanka ku ce ya yi. Ku zo da shi kasuwa tsakar rana, ku tsaya cikin kashin shanu ku gwada.

Ni dai daga ranar Diggi na sallami dattawa. Na ce tsagar kunne kaɗai ta isa shaida, ni da almakashina mun wadatar. Aiki ya yi sauri kamar me. Ashe duk nauyin da na sauke daga kan dattawa a kan ɗan ƙarfen nan na ɗora shi. Masu saye suka fara fifita saniya mai tsaga, sai ga dillalan da ba su taɓa amsa sallamata ba suna tsayar da ni a hanya suna tambayar lafiyar iyali. Ɗaya ya zo har gida da zabi, ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce in ara masa almakashin na yini ɗaya. Na mayar masa da zabinsa, ina kallonsu ina haɗiyar yawu, amma na sha jinin jikina. Na ce wanda ya zo aro yau, gobe wani ta katanga zai zo.

Sai na ɓoye shi. Na naɗe shi a tsumma na tura cikin wata sabuwar tukunya da ke ƙarƙashin gadon Innarki, lokacin tana amarya, ban gaya wa kowa ba, har ita. Aka kira mu kwas Birnin Kebbi. Na dawo, na durƙusa, na laluba, ba tukunya. Girman kai ya hana ni tambaya. Na yi ta birkice ɗaki ina cewa ɓera nake nema, har Innarki ta aro mini kyanwa a maƙwabta. Da abin ya ishe ni na faɗa mata, sai ta tafa hannu ta ce, "Kai da ba ka hwaɗa min ba, duba nika yi? Tukunyar ga ai na ba da ita gudummawar biki, tana Ceberu ɗakin amarya." Kafin in sami sukunin zuwa Ceberu, in kuma sami fuskar da zan shiga gidan mutane in ce a duba mini tukunyar amarya, watanni sun shuɗe. Na tarar amaryar tana yanka kuɓewa da shi, tana ƙorafin wai almakashin banza ne, duk abin da ya yanka sai ya fitar masa da baki.

Ki yi dariyarki, amma ki tuna da mabuɗin da kika ce za ku ba mai shanu. Na san inda wayar makiyayi take wuni. Ranar kasuwa tana teburin mai caji tare da wayoyin mutanen da bai sani ba. In zai tura saƙo, miƙa ta yake yi ga wanda ke kusa, ya faɗi lambar sirrin da ƙarfi don kada a yi kuskure. Da damina tana iya faɗawa gulbi wurin ƙetarar da shanu. Wani kuma zai yi irin tawa, ya ɓoye har ya rasu ba wanda ya sani, 'ya'yansa su tsaya da shanu a gabansu, sarƙa ta ce ba nasu ba ne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya saci mabuɗin. Shi ba sai ya kora saniya cikin daji ba, zai mayar da ita sunansa yana zaune, kuma abin da kuka gina don kama ɓarawo shi zai tsaya masa shaida, ba mai iya gogewa. Ku nemi tsakiya. Ko a raba mabuɗin tsakanin mutanen da mai shanu ya yarda da su, sai sun haɗu ya yi aiki, ko wata hanya da ke kika fi ni sani. Kada dai ku ce wa tsoho ya riƙe shi kaɗai ya kuma kiyaye, ku wanke hannunku.

Yanzu ga inda labarin ya daina ba ni dariya. A watannin da almakashi yake Ceberu ban daina allura ba, sai dai ba tsaga. Shugabanmu ya aiko cewa ta yaya zai san ina aiki. Dabarata ta sake motsawa. Na ce duk rugar da na gama, zan sassaƙa yawan shanun da na yi wa allura a jikin bishiyar da ta fi fitowa fili, mai duba aiki in ya zo wucewa a babur ya gani ba sai ya sauka ba. A bakin rugar su Buba akwai wata ƙatuwar kuka daf da hanya. Na zaro wuƙa na sassaƙa lambar, manya-manya, har na ja da baya ina yaba rubutuna.

An gaya mini tun farkon zuwana cewa Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa, ba a kuma ƙirga masa su a gaban mutane. Na ɗauka camfi ne da boko zai wanke. Buba yana tsaye yana kallona har na gama. Ya ce, "Likita, ka ƙare?" Na ce na ƙare. Ya sa aka kawo mini nono mai sanyi, ya raka ni har bakin hanya.

Ba suna na rubuta ba, Ramlatu, lamba ce kawai. Amma kukar a bakin rugar wa take? 'Yan makaranta suka fara karanta ta da ƙarfi in za su wuce. Dangin da ba a taɓa gani ba suka ɓullo, wannan zai aurar, wancan zai yi suna. Masu haraji suka daina tambaya, a jikin kuka suke karantawa. Wannan duk da sauƙi. Bayan wasu shekaru ciwon hanta ya shiga garken, ya kwashe mafi yawansa. A al'adarsu, wanda ya yi irin wannan asara 'yan'uwa kan ba shi aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar, da haka garke yake tashi. Buba ba wanda ya ba shi. Suka ce ya kai shanunsa kudu ya ɓoye, ga lamba nan a kuka kowa yana gani. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ya ce ba ni da su ba. Shekarar nan 'ya'yansa ba su sha nono ba, a gidan da aka saba ba baƙo har ya bari.

Na je da wuƙa zan kankare, sai na tarar ɓawon ya warke ya riƙe lambar, kukar tana girma, lambar tana ƙara faɗi. Inda na kankara ya zama tabon da ya fi jan ido. Buba ya daɗe ba ya yi mini magana in ban da amsa sallama, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ya zage ni. Yohanna ne ya yi ta kai da komo, har ranar da na ja 'yar karsanar da nake da ita guda ɗaya na kai masa, ya dube ta, ya dube ni, ya karɓi igiyar. Tun daga nan ban sake ƙirga shanunsa ba. In zan yi musu allura nakan zo da magani fiye da kima, ya riƙa kawo su kashi-kashi ta bayan bukka, ni kuma idona a kan sirinji. Kin lura ko a takardar nan ban rubuta lambar ba.

Kin gaya mini a sarƙarku ba a ganin suna, sai wasu haruffa masu tsawo. Ni ma abin da na faɗa wa kaina ke nan. Wanda ya ga haruffan nan suna da shanu kaza, suna kiwo wajen Wurogauri, sun sayar da bijimi ranar da kowa ya ga Ardo ya sayar da bijimi, me ya rage masa? Kuma masu karatun yanzu ba 'yan makaranta ba ne. Akwai waɗanda ke zaune cikin daji da bindiga, su ma suna da waya, suna kuma da mai karanta musu. Mai saye a kasuwa abu ɗaya yake buƙatar sani, saniyar nan ta mai sayarwa ce ko ba tasa ba. Bai kamata ya ga sauran garken ba. Ku ba shi amsarsa, ku rufe masa saura. Ku kuma tambayi kanku wa zai gaya wa sarƙa in saniya ta mutu, ko an yanka ta ranar suna. Lambata gaskiya ce ranar da na sassaƙa ta, daga baya ta zama ƙarya, ta kuma ci gaba da tsayuwa a bakin hanya.

Ba don in sare miki gwiwa na faɗi wannan ba. Ina alfahari da ke har Innarki tana cewa na ishi mutanen masallaci da labarinki. Kin fi ni karatu, kin kuma fi ni jin magana, ni kuwa da Yohanna ya gargaɗe ni cewa na yi bai san darajar shaida ba. In wani a wurin aikinku ya ja ki gefe ya ce abin nan ba zai yi ba, ki saurare shi ko da ya ɓata miki rai. Ki ci abinci a kan lokaci, kada ki zauna gaban kwamfuta har sallah ta wuce ki, ki kuma riƙa kiran Innarki ko ba ki da abin faɗa, don in ba ki kira ba, a kaina take hucewa.

Ardo ya zo Gwandu ranar kasuwar da ta wuce, kina wurin ɗinki ba ku haɗu ba. Muka zauna a zaure, na gaya masa gaskiya cewa abin nan ba zai yiwu ba sai an bi shanunsa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi aikin kuma dole ya san yawansu. Na ce in ya fasa ba zan ga laifinsa ba. Ya juya sandarsa, sannan ya ce, "Likita, ɗiyarmu za ta yi aikin?" Na ce ita ce. Ya ce, "To ta taho ita ɗai. Ni da ita za mu zagaya bayan ruga, in nuna mata su dut, har waɗanda ka kiwo hannun wasu. Ko ɗiyana ba su ji wanga daga bakina ba." Na tambaye shi me ya sa. Ya ce, "Tana karatu Kalgo ina aika mata nono da man shanu, tana zuwa hutu ruga, ba ta taɓa tambayar ko nawa ne ba."

Sai na tashi wai zan duba ko an kawo shayi.

Don haka ga abin da nake roƙonki, kuma shi ne dalilin takardar. Kafin a taɓa kunnen saniya ɗaya a rugar nan, ki tabbatar da idonki cewa ba wanda zai zauna a wani wuri ya ga yawan garkensa, ko da suna ko ba suna. Kada ki karɓi "za a gyara daga baya", ke da bakinki kika ce abin ba ya goguwa. In manyanku suka ce ba hanya, ki hau mota ki je ki same shi, ki faɗa masa da kanki, ki cire garkensa daga gwajin, ko da hakan zai sa su canza miki fuska, ko da aikin ne zai girgiza. Ɗakinki yana nan, ba mu ba kowa ba. In kuwa akwai hanya, ki je ki zagaya bayan ruga da Baffanki. Abin da ya nuna miki ya tsaya a wurinki. In kin dawo gida na tsokane ki na ce nawa ne, kada ki faɗa mini, ko da na yi fushi.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya, Ya sa albarka a aikin hannunki. Allah Ya ba ki ikon riƙe abin da tsohon nan zai damƙa miki, Ya dawo mana da ke lafiya.

Naki,
Babanki